Wa Ya Sace wa Baba Iskar Taya?

Adaminaby,
2 ga Yuli, 1986

Zuwa ga Baffa Merv,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata ka isa gida lafiya, kuma ranar hamadarku ta narkar maka da sanyin da ka kwana huɗu kana yi mana mita a kansa.

Kada hankalinka ya tashi, amma yayanka ya yi haɗari. Ranar Lahadi na kai ka tasha a Cooma. Ranar Litinin da safe Baba ya loda ciyawa a bayan a-kori-kurarsa, ya ɗaura wa tayoyi sarƙa saboda dusar ƙanƙara, ya nufi makiyayar sama inda tumaki suke. A kwanar nan ta saman rafi tayar gaba ta fita daga rim, motar ta sulale ta kwanta a rami. Ya karye a wuyan hannun hagu. Da ƙafa ya dawo, kilomita uku, karyarsa Biddy tana gaba tana waiwayensa. Da na buɗe ƙofa, abin da ya fara ce mini shi ne, "Tumakin nan ba su ci ba."

Ga abin da ya hana ni sakat. Zlatko bakanike ya jawo motar, ya sa geji a tayoyi ukun da suka rage. Iska fam goma sha shida ya gani. Ba ɗaya ba, duka ukun, babu wadda ta fi wata ko da rabin fam. Ka kuwa san Baba, shekara hamsin ke nan fam talatin da biyar yake sawa, kuma duk Juma'a sai ya durƙusa ya auna kamar wata ibada.

Jiya Yaya Rodney ya zo daga Canberra da takalmansa na ofis. Ko zama bai yi ba ya fara.

"Glenys, ki daina rufa-rufa. Mutum ɗan shekara saba'in da takwas ya sace iskar tayoyinsa da hannunsa, ya manta, ya hau dutse. Yau hannu ne, gobe wuya."

Na ce, "Wa ya ce maka shi ya sace?"

Ya ce, "To wa? Biddy?"

Ya ɗauki makullin motar ya sa a aljihu, a gaban Baba. Ya kuma kama masa rana wurin likita, ashirin ga Agusta, a gwada ƙwaƙwalwarsa. Idan likita ya ce da matsala, an karɓe lasin ke nan, kuma akwai ɗaki a gidan kula da tsofaffi na Cooma. Babu mota, babu kiwo a tudun nan. Ni kuma na san ranar da aka sauko da Baba daga gonar nan, sai dai a fara haƙa kabari. Ba na cewa Rodney mugu ne. Tsoro ne yake cinsa, shi kuwa in tsoro ya kama shi takardu yake cikawa.

Amma Baffa, ka taya ni tunani. Mai mantuwa yakan bar buta a wuta, ko ya nemi tabarau alhali yana goshinsa. Yaya mantuwa za ta daidaita tayoyi uku cif-cif? Na tambayi Zlatko ko sanyi ne. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Sanyi yana cin iska, 'yar nan, amma ban taɓa ganin ya ci rabi ba."

Kai ka shekara arba'in kana fama da motoci a daji, shi ya sa na zo gare ka. Sanyi zai iya cinye fam goma sha tara a kwana uku? In ba zai iya ba, akwai dalilin da zai sa mai hankalinsa ya rage iska haka da gangan? Ka ba ni amsa da jirgin wasiƙa na farko.

Baba yana gaishe ka, ko da yake bai faɗa ba.

'Yarka,
Glenys

*

Kusa da Innamincka,
15 ga Yuli, 1986

'Yata Glenys,

Gaisuwa da yawa. Takardarki ta same ni ina lafiya, shanu ma lafiya, ƙudaje sun fi kowa lafiya. Allah ya kiyaye gaba, ya ba mahaifinki Alby sauƙi. Tsohon nan ƙashinsa ya fi itacen shinge tauri, kada ki damu.

Kin yi tambaya a inda ya dace. Ku mutanen tudu kun ɗauka taya sai ta yi tauri kamar dutse take aiki. Mu nan mun san iska ita ce mota. In za ka hau tudun rairayi da talatin da biyar, to ka taho da shebur da abincin kwana biyu. Sai ka sauka, ka kwance murfin bawul ka jefa a gwangwanin taba don kada rairayi ya haɗiye shi, ka danna da tsinken ashana har ta sauko goma sha takwas. Nan taya za ta baje kamar tafin raƙumi, ki ga mota tana tafiya a sama-sama, ba nutsewa. Da goma sha takwas na haye tuddai fiye da ɗari a yini guda, da injin famfo a baya. Ki tambayi kowa a mashayar Innamincka.

To mece ce dusar ƙanƙara? Rairayi ne fari mai sanyi, ba wani abu ba. Saboda haka ki gaya wa Rodney, duk wanda ya rage iskar nan ya san abin da yake yi, ba mahaukaci ba ne. Ni a ganina laifin sarƙa ne. Ko laifin kwanar, wadda tun muna yara take cin mutane. Can Alby ya kifar da keken dokin mahaifinmu, aka doke ni ni, don an ce ni na ba dokin tsoro.

Shi kuma Rodney, tun yana gajeren wando yake son kama makulli. Ki bar shi, zai huce. Likita zai ga Alby ya yi minti biyar da shi ya sallame shi, don babu likitan da zai jure masa fiye da haka.

Maganar sanyi kuwa, ban sani ba. Mu nan zafi ne yake ƙara mana iska. Wataƙila naku sanyin ya fi na kowa ci.

Matuƙin jirgi yana ta kallon agogo, bari in tsaya nan. Ki shafa mini kan Biddy.

Baffanki,
Merv

Af, na manta. Hannun yana hana shi barci? Yana iya ɗaura igiyar takalmi da kansa? Ki faɗa mini.

*

Adaminaby,
29 ga Yuli, 1986

Baffa Merv,

Bayan gaisuwa. Na gode da amsa, na karanta ta sau uku. A karo na uku sai da na tashi na dafa shayi na sake zama.

Ka san ni da naci, Mama ma takan ce da za a ba ni agogo sai na buɗe cikinsa kafin in duba lokaci. Na ɗauki gejin Baba na yi mako guda ina auna tayoyin motata, da tsakar rana sau ɗaya, da sassafe sau ɗaya, ina rubutawa da alli a bangon rumfa. Maƙwabta sun fara yi mini kallon wadda ita ma ya kamata a kama mata rana wurin likita. Abin da na gano shi ne, sanyi ɓarawo ne amma ƙaramin ɓarawo. Tsakanin rana da safiyar da ruwan kwanon Biddy ya daskare, fam biyu yake ɗauka. Ranar da ta fi kowace tsanani ya ɗauki uku. Rana tana fitowa kuma ya dawo da su.

Sai na je na addabi Zlatko har ya yarda muka gwada maganarka da tasa motar. A filin bayan garejinsa, inda dusar take da laushi har gwiwa, muka rage zuwa goma sha takwas. Baffa, ka yi gaskiya. Ta baje, ta bi ta sama-sama, har na yi tafi. Daga nan muka loda buhunan siminti shida, muka ɗaura sarƙa, muka fita kan hanya. Hanyarmu kuwa ba laushi gare ta ba. Motoci sun danne dusar, rana ta narkar da samanta, sanyi ya mayar da ita gilashi. Sarƙar ta yi sako-sako tana dukan ƙarfen motar, sitiyari ya yi nauyi. A kwana ta farko, a hankali ma muke, na leƙa na ga tayar gaba ta naɗe ƙarƙashin rim kamar tsohuwar safa. Zlatko ya taka birki ya ce, "Ya isa! Ina da jikoki." Ya ce a kan ƙanƙara da kaya da sarƙa, taya mai ƙarfi ake so, ta riƙe sarƙar, sarƙar ta ciji ƙasa. Wato maganarka rabin gaskiya ce, ɗaya rabin kuma shi ya kwantar da Baba a rami.

Yanzu bari in gaya maka abin da ya fi karayar ciwo. Ka tambayi hannu. Hannu yana warkewa, mutumin ne ba ya warkewa.

Akwai makulli na biyu a ƙusa bayan ƙofa, wanda Rodney bai san da shi ba. Ranar Alhamis Baba ya ciro shi ya ajiye mini kusa da faranti.

Na ce, "Na mene ne wannan?"

Ya ce, "Ki ɓoye. Kada ki gaya mini inda kika sa."

Na ce, "Haba Baba, ba kai ka yi ba."

Ya ce, "Ina kika sani? Ni ma ban sani ba. Nakan rufe ido in nemi ranar da na durƙusa gaban tayoyin nan, ba na ganin komai. To in na yi wannan ban tuna ba, Glenys, me kuma na yi ban tuna ba?"

Ya daina musu da rediyo. Da safe ina jinsa a ɗaki yana jera sunayen karnukan da ya taɓa riƙewa tun yana saurayi, yana gwada kansa. Shekaranjiya ɗaya ya ɓace masa, ya ƙi karyawa. Jiya ya tambaye ni ko ɗakin na Cooma tagarsa tana kallon duwatsu. Na shiga rumfa na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa maka.

A rumfar ne na lura da abu biyu. Motar tana nan Zlatko ya dawo da ita, kuma babu murfin bawul ko ɗaya a tayoyinta. Baba kuwa zai iya fita ba hula, amma ba zai bar bawul a buɗe ba. Na biyu, a inda motar take tsayawa na tsinci tsinken ashana uku, ba a ƙyasta su ba, bakinsu ya tauye. Tun rasuwar Mama babu mai shan taba a gidan nan.

Ban yi nisa a makaranta ba, amma na iya cire biyu daga goma sha takwas. Ni goma sha shida na rubuta maka. Kai ka kawo goma sha takwas. Na kuma tuna ranar Asabar da rana, da dusa ta fara sauka, ka ce za ka je rumfa ka sha lofe don kada hayaƙi ya dame ni, ka daɗe.

Baffa, buɗe gwangwanin tabarka.

Ban gaya wa Baba ba, ban gaya wa Rodney ba. In na faɗa, Rodney zai ce na ƙirƙira ne don in ceci Baba, shi ma Baba haka zai ɗauka, don ya san zan iya. Daga bakinka kaɗai zai yarda. Ban yi fushi ba tukuna, so nake in san dalili. Amma ashirin ga wata tana matsowa, jirginku kuma sau ɗaya yake tashi a mako.

Ka huta lafiya, in ka iya.

'Yarka,
Glenys

*

Kusa da Innamincka,
8 ga Agusta, 1986

Yaya Alby,

Bayan gaisuwa da ban girma. Rabon da in rubuta maka takarda tun ina soja, saboda haka ka yi haƙuri da rubutun.

Ka girgiza ambulan ɗin nan a hankali, akwai abu huɗu a ciki. Naka ne.

Ni na sace maka iska. Ranar Asabar, ashirin da takwas ga Yuni, da rana, kana barci a kujera bayan mun ci naman ragon nan. Na ɗauki gejinka daga ƙusa, na rage tayoyi huɗun zuwa goma sha takwas, na mayar da gejin inda yake. Murafan na jefa a gwangwani kamar kullum, hannuna ne ya yi ban ma sani ba. Hankalinka ƙalau yake. Ba ka tuna ba ne don ba ka yi ba. Ka nuna wa Rodney wannan layin, ka nuna wa likita, in ka ga dama ka manna shi a ƙofar coci.

Glenys tana son dalili, ga shi. Na ga dusa tana sauka, na ga ka tsufa, na ga hanyar nan. Na san in na ce maka, "Yaya, rage iska," za ka dube ni ta saman tabarau ka ce, "Merv, je ka koya wa raƙuma." Shekara saba'in ke nan kai ne mai sani, ni ne mai ɓarna. Sai na ce bari in yi shiru in gyara, ka hau ka sauko lafiya kana mamakin yadda motar take tafiya, in ya so a Kirsimeti in gaya maka a gaban kowa. Sau ɗaya a duniya nake so ka ce na iya wani abu. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Wannan kuskure ne, kuma na jahilci, don ban taɓa tuƙi a kan ƙanƙara ba. Amma abin da na yi bayansa ba kuskure ba ne, da sanina na yi. Takardar yarinyar nan ta farko ta zo, na karanta, na buɗe gwangwani na ga murafan, na rufe. Na zauna na rubuta mata surutu a kan raƙuma. Na ce a raina likita zai sallame ka, magana ta mutu, ba wanda zai sani. Ban san kana kwance kana jera sunayen karnuka ba. Da na karanta wannan sai na fita bayan shingen shanu na daɗe a can.

Wanda ya ɓace maka, ina jin Tuppence ne, baƙin nan mai farin wuya da ya ciji mai kawo wasiƙa. Kullum shi kake tsallakewa tun da can, don ni ya fi so.

Ba na roƙon ka yafe yanzu. In ka ce kada in sake taka gonar, ba zan taka ba. Ka dai karɓi makullinka.

Ka gaishe da Glenys. Ka ce mata da 'yan sanda sun san da ita da sun huta.

Ƙaninka,
Mervyn

*

Adaminaby,
21 ga Agusta, 1986

Merv,

Gaisuwa. Muna lafiya, an kwance ɗaurin hannu.

Saƙonka ya zo ranar Litinin. Na sa Rodney ya karanta da ƙarfi a tebur. Da ya gama ya ajiye makulli, ya kwashi murafan ya fita ya ɗaura su da kansa, da takalman ofis a cikin laka. Wurin likita kuwa na je duk da haka. Ya ce in dawo baɗi.

Rairayi daban, ƙanƙara daban, jaki kawai. Amma ni ma da nawa. Da na ɗaura sarƙa ran nan na ga ta yi sako-sako, na ƙara matse ta ban tambayi dalili ba. Da a da ne da na tambaya. Don haka yanzu duk safiya sai na auna, kuma in akwai dusa Glenys tana zama a gefena. Ta ce a laushi dabararka tana aiki, ta gani da idonta. To, ka iya wani abu. Na faɗa, kada ka jira Kirsimeti.

Tuppence ne. Kuma ba kai ya fi so ba.

Mako bakwai ina zaton hankalina ne ya tafi. Ashe ƙanina ne kawai. Wannan ciwon na san shi, shekara saba'in ina fama da shi bai kashe ni ba.

Ka zo lokacin aske gashin tumaki. Gadonka yana nan. Rumfa kuma na sa mata kwaɗo.

Yayanka,
Alby